Takardar da Baduku Ya Bari a Wembley

Shekarar da maigidana ke karatun digiri na uku, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, aka tura ni gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Woolwich. An ce tsohuwar ta cika shekara ɗari, don haka na shiga da sanɗa, ina zaton zan iske ta a kwance. Sai na tarar da ita a kicin, tana faɗa da rediyo.

"Daga ina kike, yarinya?"

Na ce Kano.

Ta kashe rediyon. "Kano, na san ta. Babana ne ya gina ta."

Na ɗauka ruɗin tsufa ne. Ashe a shekarar da aka haife ta an yi wani gagarumin baje-koli a Wembley, inda Turawa suka jera ƙasashen da suke mulka kamar tumatir a faifai. Mahaifinta magini ne, yana cikin waɗanda suka tayar da ganuwa irin ta Kano a filin, suka shafa mata jan fenti. Aka kwaso masaƙa da dukawa daga ƙasarmu aka zuba a ciki, mutane na biyan kuɗi suna kallonsu. Ita a goye aka kai ta, amma tana ba da labarin kamar ita ta yanka tikiti.

Kullum na zo, kafin ta yarda ta sha magani, sai mun buɗe gwangwanayen biskit. Katuna ne a ciki, da cokulan shayi masu hoton zaki, da taswirar filin da ta sha selotef. Takan yi mini tambayoyi: kwana nawa fata ke yi a jima, zare nawa masaƙi ke ɗaurawa. Ni da na tashi a unguwar Nasarawa, direba ke kai mu makaranta, ina zan sani? Na riƙa ƙirƙiro amsa, ita kuma tana gyara mini.

"Anya daga Kano kike?" in ji ta wata rana.

Sai da muka yi wata biyu ta nuna mini wani ɗan alabe. Wani baduku ne ya ba mahaifinta ranar da za su tafi. A ciki akwai takarda da rubutun ajami. Danginta sun yi ittifaƙi addu'a ce, har ta sa jikarta ta yi alƙawarin za a karanta ta a jana'izarta, in an samu mai fassara.

Na juya takardar sama da ƙasa, ban iya karantawa ba. Na ɗauki hoto na tura wa kawuna a Fagge. Kafin in wanke kofuna ya aiko da saƙon murya, yana magana dariya na sarƙe shi. Baduku cewa ya yi: garin nan sanyi, abincinsu ba gishiri ba yaji, ganuwarsu kuma ko akuya ba za ta tare ba. Allah Ya mai da mu gida.

Na so in ce mata albarka ya sa wa zuriyarta. Amma ta kafe ni da ido, ga shi ta riga ta saba kama ni da ƙarya. Na faɗa mata yadda yake.

Sai ta fashe da dariya har haƙoran robarta suka zame, ta tare su da hannu.

"Girkin mamata ya ci," ta ce. "Sau biyu Baba ya kawo shi gida. Batun ganuwa kuwa, sharri ne."

Na tambaye ta ko in gaya wa jikar a fasa karantawa.

"A karanta. A gaban fadan coci, da kowa da kowa. Ke za ki karanta."

Na yi wata tara a gidan kafin a canza mini unguwa. Har yau takan sa jikar ta kira ni, ta ji ko ina nan lafiya, don kada in riga ta tafiya in bar ta ba mai karatu.