Telan da ya ƙi ɗinka buhu

Watan nan aka cika shekara ashirin da uku da muka kai maigidana makwancinsa. A yi mini afuwa, har yau bakina bai iya kiran sunansa ba. Tsofaffin kasuwar Piti Marshe dai sun san shi da Tela Kirista, mai keke a rumfar da ke bayan masu yaji. Ƴaƴana sun ce in rubuta alherinsa. To, zan rubuta, amma sai na haɗa da abin kunyata, don a wannan labarin akwai wanda ya karkace, kuma ni ce.

Zamanin fari ne, soja ke mulki. Muna haya a unguwar Gaweye, kusa da gada, da yara huɗu. Wa zai ɗinka riga cikinsa na kuka? Sai maigida ya wuni bai taka keke ba. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne ciyayyar ranar Lahadi: in an taso daga majami'a, mazan da suka fito daga yankinmu na Tawa sai kowa ya kawo kwanon gidansa a ci tare. Babban amininsa a cikinsu Iliya ne, direban kamiyo, babbar motar da ke kai dawar agaji ƙauyuka. Tare suka yi kiwo suna yara, tare aka yi musu baftisma.

Iliyan nan ne ya zo rumfa da bandir na farin yadi mai kauri, ya ce a ɗinka masa buhuna marasa rubutu. Buhun agaji yana da tambari, ba ya sayuwa a fili. In an juye dawar cikin sabo, shi ke nan ta zama ta kasuwa. Ladan ɗinki kuwa buhun dawa guda cur. Maigida ya naɗe yadin ya miƙa masa. Ya ce, “Iliya, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba zan kai ka wurin soja ba, amma keken nan ba zai taɓa yadin nan ba. Ka bari, tun Allah yana rufa maka asiri.”

Iliya bai bari ba, wani telan ya samu. Lahadi ta zagayo, aka buɗe kwanuka, sai ga tuwon jar dawa a guda huɗu, irin dawar da babu ita sai ta agaji. Maigida ya ɗauki kwanonmu na ɗan fate-faten dusa, ya yi musu sallama ya dawo gida. Bai sake zama ciyayyar ba. Dattawan majami'a suka yi ta zarya, wai yana raba kan ƴan'uwa, mu da ba mu da yawa a garin nan. Ya ce sujada zai yi da kowa, gaisuwa kuma ba zai yanke ba, amma hannunsa ba zai shiga wannan kwanon ba. Daga nan sai ya koma cin abinci da maƙwabcinmu Alfa Hamani, Bazabarme Musulmi mai sayar da itace, wanda tuwonsa bai fi namu kauri ba.

Ni kuwa wuta na kama. Na ce masa tsarkin nasa za mu dafa wa yara? Na ce ko fasto bai kai shi iyayi ba. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ban tsaya nan ba: na zagaya wurin matar Iliya, ta auna mini dawar tiya uku, na ɓoye cikin tukunya ƙarƙashin gado. In ya fita sai in dama wa yara kunu.

Ana haka ƙanwata Hannatu ta iso daga ƙauye cikin ayarin masu gudun yunwa. Ƴaƴa uku na san ta da su, ɗaya ta shigo da shi a goye. Da ta samu bakin magana ta ce kamiyo ya zo garinmu sau biyu, kowane zuwa rabinsa iska, kafin layi ya kawo kanta an kakkaɓe. Har tana yaba direban, wai ɗan majami'armu ne, ya tambaye ta lafiyar yara.

Wayyo ni! Maigida ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo tukunyar da na zaci bai san da ita ba, ya ajiye a gabana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Dafa mata. Nata ne tun asali.”

Na dafa, ina tuƙi ina kuka. Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Ubangijinsa. Iliya ma, maigida bai yar da shi ba. Kullum yana cikin addu'arsa, kuma da ciwo ya kwantar da Iliya shekaru bayan haka, shi ya yi ta jinyarsa. Kwanon ne dai bai mayar wurin ciyayya ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Bobiyel, gidan babban ɗana, ina kallon zamani. Da maigida zai leƙo, ina jin gine-ginen ba za su ba shi mamaki ba kamar yadda aka daina tambaya. Mutum ya kwana ba shi da ko sisi ya tashi da mota, a kai majami'a a yi godiya, ba mai cewa daga ina. Zai ce buhun ne dai ake ta canzawa, teloli kuma sun yi yawa. Zai kuma ja kunnen matasanmu cewa zama benci ɗaya ranar Lahadi ba shi ke sa mutum ya zama abokin tafiya ba, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Keken ma tsatsa ta cinye. Abin da ya bari tambaya ce, ni kuma na ɗaure ta a bakin zane. Kirsimetin bara wani sabon abokin ɗana, mai harkar kwangila, ya aiko da buhunan shinkafa farare tas, babu rubutu ko ɗaya. Na tambayi ɗana daga ina, ya hau sosa ƙeya yana cewa, “Inna, kyauta ce fa.” Na ce a mayar. Ya ce za a ji kunya. Na ce kunyar na riga na ji ta, a gaban Hannatu, kuma muddin ina numfashi ba za a ɗora wannan tukunyar a gidan nan sau biyu ba.