Yadda Saigobe Ya Kai Sabis Ɗakin Ƙurya

Tun da ya fara riƙe sitiyarin babbar mota ake kiransa Saigobe, kuma sunan bai sake shi ba har ya yi furfura. Asalin abin shi ne ba ya gudu. Direbobi sa'o'insa sukan wuce shi a hanya suna danna masa hon, su je su sauke kaya, su juyo, su tarar da shi ya faka a gindin bishiya yana bin tayoyi da ƙwanƙwasa. In mai kaya ya matsa da tambayar yaushe zai iso, amsar ɗaya ce kullum: sai gobe. Duk da haka masu kayan fashewa, irin su gilasai da tayil da farantan tangaran, shi suke nema, don bai taɓa sauke wa kowa ɓaraguzai ba.

A gidan mai ya haɗu da matarsa. Ita ce ke zaune bayan ƙaramar taga tana yanka rasit, ba ta taɓa duba takarda kafin ta faɗi lambar motar mutum ba. Sai ga Saigobe ya tsiri tsayawa shan mai ko da tankinsa na neman ambaliya. Da abin ya ishe ta, ita ta fara magana. Ta ce masa in motar ce ke jin ƙishi, to ta ƙoshi, in kuma shi ne ke da magana a baki, ya faɗa, akwai layi a bayansa. Har yau Kashiya yake kiranta, ita kuma ta ce masa Direba, 'ya'yansu ma sai da suka shiga makaranta suka san iyayensu na da wasu sunaye.

Gidansu ɗaki-ɗaki aka gina shi, kamar yadda hali ya riƙa samuwa, shi ya sa ya fito dogo. Falo na gaba, sai 'yar matakala ta sauka zuwa wani siririn lungu, ɗakunan yara a jere, kicin, can ƙarshe kuma ɗakin ƙurya mai banɗaki a ciki. Ƙanin Kashiya magini ne, shi ya yi aikin duka, kuma bai san tsimin siminti ba. Duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya mari bango da tafin hannu, ya ce a saurara a ji ko ya amsa.

Da idon Saigobe ya fara gajiya da hasken fitilun hanya, sai ya ajiye makulli ya dawo gida. Yara sun watse, kowa na garin da yake aiki. Babban ɗansu ne ya zo hutu ya sa musu waifai, ya ɗora akwatin kusa da talabijin, ya haɗa musu wayoyinsu ya tafi. A falo sabis ba a magana. In ka sauka lungu ya koma sanda ɗaya, kana isa ƙofar kicin ya yi maka sallama. Ɗakin ƙurya kuwa ko kiran waya na yau da kullum sai ka manna kunne da taga. Babu wanda ya damu, tunda a falo suke wuni.

Sai aka yi wa Kashiya aiki a gwiwa. Likita ya hana ta matakala, ya ce ta zauna inda banɗaki ke kusa, aka gyara mata gado a ɗakin ƙurya. Ba a jima ba Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta haifi 'yarta ta fari. Kashiya ta daɗe da haɗa jakar tafiya, ga ta nan a gefen gado da 'yan riguna da safa, amma gwiwa ta hana ta zuwa. Ba ta yi kuka a gabansa ba, amma ya lura ta rage tsokanarsa, shayi ma sai ya huce ba ta taɓa ba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Abin da ya iya shi ya yi, ya koma dakon kaya. Yakan karɓi wayarta ya haura falo, ya tsaya har hotuna da saƙonnin murya su gama sauka, ya dawo ya miƙa mata da hannu biyu. Ta saurara, ta yi dariya, ta ɗauki amsa, ya sake haurawa ya tura. Wani lokaci kafin ya zauna ta tuna ba ta ce a riƙa kwantar da yarinyar ta gefe ba, ya sake miƙewa. Bai yi ƙorafi ba. Amma kiran bidiyo ba ya ɗaukuwa. In Auta ta kira, sai ya tsaya a bakin matakala da waya a hannu yana ɗaga murya cikin lungu, yana ba da labarin abin da yake gani.

"Da wa ta yi kama?" Kashiya ta tambaya daga can ciki.

Ya ƙura wa wayar ido ya ce, "Da jarirai."

Ta ce masa mutumin da ke gane ciwon inji daga jin tarinsa, yau ya kasa gane hancin gidansu. Ya ji muryar ta ɗan karye a ƙarshe. Washegari ya sa hularsa ya nufi layin masu sayar da kayan kwamfuta.

Shagon da ya shiga na wata mata ce mai tabarau, tana zaune tsakanin kwalaye har rufi. Ya zayyana mata gidan tun daga ƙofa, bai tsallake ko taga ba, ta haƙura ta ji. Idonsa na kan wasu manyan akwatuna baƙaƙe masu ƙahoni, amma ta ce waɗannan na ofis ne, zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Ta janyo wata 'yar farar na'ura mai araha, ba ta fi kwalin sabulu biyu ba, ta ce sunanta akses foyin. Za a jawo mata wayar kebul daga akwatin falo, ita kuma ta watsa sabis sabo a inda aka ajiye ta. Ta ce akwai masu haɗa irinta ba waya, amma da irin bangon da ya kwatanta, abin da ya iso a gajiye shi za ta miƙa a gajiye.

Ya juya abin a ransa, sannan ya ce, "Wato falo babbar tasha ce, wannan ƙarama, wayar kuma ita ce titi."

"Haka ne, Baba. Ka auno mini tsawon titin. Ka zo mini da sunan waifan gidan da lambar sirrinsa, in sa mata iri ɗaya, yadda wayar hannu za ta riƙa kama na kusa da kanta."

Daga ranar bai sake wahalar da harshensa da sunan Turancin ba, ƙaramar tasha kawai yake cewa.

Ba shi da tef ɗin awo, amma yana da tsohuwar igiyar ɗaure kaya a bayan ƙofa. Ya bi da ita ta saman bango, ta kan ƙofofi, ya ƙulla ƙulli inda ta tsaya, ya ƙara ɗan saura don kwana. Lambar sirri ce ta so ba shi ruwa. Ya kira babban ɗan, shi kuma ya ce ya manta, sai ya duba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Saigobe na tsaye yana sosa ƙeya, Kashiya ta tambayi me ake nema. Da ya faɗa, ta karanto lambar ba ko numfashi. Ta ce tana zaune yaron ya sa, lambar tsohuwar motar babansa ce, jar nan mai karyayyen madubi. Saigobe ya ji kunya ƙwarai, don shi da ya kwana a cikin motar shekara da shekaru, rabin lambar kawai ya iya tunawa.

Mai shago ta yi dariya har ta cire tabarau da ta ga ya zube mata igiya a kan teburinta. Ta auna kebul da ita, ta matse masa kawuna biyu, ta saita na'urar, ta nuna masa ramin da zai soka a kowane gefe. Ta ja masa kunne ya ajiye ta a sama, a sarari.

Ranar aikin ya kira surukinsa magini, don ba ya son hawa tsani shi kaɗai. Maginin na jin za a huda bango ya ɓata fuska. Ya ce shi bai yarda laifin bangonsa ba ne, sabis ɗin zamani ne ba shi da ƙashi. Saigobe ya ce masa ai yabo ne, ya gina abin da ko iska ta gaza ketawa, ƙasa ce ya kamata ta ba shi lambar girma. Kashiya na jin su daga gado, ta ce wa ƙanin nata in bai huda ba za ta ba da labarin yadda ya taɓa gina kejin kaji ya manta ƙofa. Nan take ya nemo hanya: akwai ramin shan iska a saman ƙofar falo, wayar ta bi ta nan ba tare da an taɓa masa siminti ba. Suka bi lungu suna kafa ta da 'yan ƙusoshi masu baki, maginin a kan tsani, Saigobe a ƙasa yana cewa a dama kaɗan, a hagu kaɗan, kamar mai ba tirela hannu za ta shiga ƙofa.

Da maginin ya tafi wanke hannu, Saigobe ya dubi 'yar na'urar, fara tas, ya ji tausayinta. Akwai kabad na ƙarfe a bakin ɗakin ƙurya inda ake ajiye barguna. Ya buɗe, ya shimfiɗa mata tawul, ya kwantar da ita, ya tura ƙofar, don kada maiƙon kicin ya ɓata ta. Ya kunna soket ya shigo yana murmushi. Kashiya ta duba waya, sanda ɗaya ta leƙo ta koma. Ya ce a ba ta lokaci, inji ma sai ya yi zafi. Aka ba ta lokaci, ba abin da ya canja. Maginin ya fara murna yana cewa ga shi nan, ashe dai ba bango ba ne.

"Direba, ina ka sa ta?"

Ya faɗa mata. Ta dube shi ta ce ita ba ta je shago ba, amma ta ji shi da bakinsa yana maimaita a sama, a sarari, tun daga ƙofa. Ya ce ai kabad ɗin dogo ne. Ya fito da ita dai, maginin ya buga ƙusa a saman ƙofar ɗakin ta waje, aka rataye ta, fitilarta na ƙyaftawa kore. Kafin Saigobe ya naɗe tsani, wayar Kashiya ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙonni na shigowa da kansu.

Ba ta jira kowa ba, ta danna kiran bidiyo. Auta ta ɗauka da jaririyar a kafaɗa, ta juyo da fuskarta. Kashiya ta kawo wayar daf da ido, yarinyar ta yi hamma, ta murtuke, ta sake lumshe ido. Saigobe na tsaye a ƙofa da tsani a hannu, ya ga matarsa na share ido da gefen zanin gado.

"Hancinka ne, Direba," ta ce. "Allah ya ba ta haƙuri."

Abin da Kashiya ba ta lissafa ba shi ne, ma'aikaciyar jinya ce ta samu hanyar shigowa ɗakinta. Auta ta tambayi ko tana motsa ƙafar kamar yadda likita ya ce, Kashiya ta ce sosai ma. Auta ta ce to a nuna mata. A nan asiri ya tonu. Daga ranar aka kafa doka: kowace safiya sai an lanƙwasa gwiwa an miƙe, an dafa sanda an taka zuwa taga, sannan a nuna jika. Saigobe ne mai riƙe waya, kuma an gargaɗe shi kada ya kuskura ya karkatar da ita lokacin da ake ha'inci. Kashiya ta riƙa mita, tana cewa ta aike shi ya kawo mata jika ya kwaso mata asibiti. Amma shayinta ya daina hucewa, tsokana kuma ta dawo har ta fi ta da.

Shi ma ya samu nasa rabon. Sabis ya kai har tsakar gida ta baya, sai ya fitar da kujera can yana kallon bidiyon masu tuƙa manyan motoci a kan duwatsun wasu ƙasashe, yana yi musu faɗa kan gudu. Matan maƙwabta masu zuwa dubiya suka gano ɗakin ƙurya ya fi gidajensu sabis, dubiya ta riƙa tsawo. Wasu suka turo mazajensu su ga aikin, Saigobe ya riƙa zagayawa da su lungu yana nuna ƙusoshi, ba ya ambaton kabad.

Wata safiya, bayan yarinyar ta yi wayo, an jingina wayar a kan tebur suna hira, sai Auta ta ce su duba. Jikar ta dafa hannuwa a tabarma, ta ɗaga ciki, ta yi gaba da rarrafe ta fice daga hoton. Kashiya ta miƙe daga bakin gado ta tako har tebur, tana leƙa gefen wayar kamar za ta hango inda ta shiga. Sai da ta ga mijinta na kallon ƙafafunta maimakon waya, sannan ta lura sandar na can jingine da gado.

Auta ma ta gani. Ta ce madalla, tunda haka ne daga gobe za a fara gwada matakala. Kashiya ta ce ita ba ta taka ba, tebur ne ya matso. Saigobe ya ja mata kujera ta zauna, ya tafi kicin ɗora ruwan shayi, yana jin su uwa da 'ya suna ta ciniki a kan hawa nawa za a fara da shi.