Sallamar da inji ya maido

Shekarar da sojoji ke riƙon ƙwarya, ana ta shirin zaɓe, ni ce sakatariyar ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can gabas da garin Agiye. Ba don na fi kowa ba, don dai na ɗan zauna lakol, makarantar boko, kuma na iya taɓa ordinatar, wato kwamfuta. Shugaban ƙungiyar kawuna ne, wan mahaifiyata, dattijon da ko akuya zai saya sai ya tambayi mai ita lafiyar kakanninsa.

Shekarar da ta gabace ta ƙwari sun cinye mana irin wake a rumbu. Akwai wani poroje, wato shirin tallafi, a Yamai da ke raba iri mai saurin nuna, amma sai ƙungiya ta nema ta imel kafin a rufe. In ba a samu ba, ba wake a gonakinmu, shi ke nan.

Abin da ya ci mini rai, lokacin nan duk sabon shugaban da aka kai buro, wato ofishin porojen, sai ya sake tsarin saƙo. Yau adireshi kaza, gobe an ƙara masa ɗigo, jibi an ce wancan ya mutu. Na ƙarshe suka aiko da doka: a gurbin nan na sama, inda ake sa kan magana, lambar komin, wato ƙaramar hukuma, da lambar ƙungiya da kalmar iri kawai za a rubuta, inji ne zai tace. Wallahi waɗanda suka zauna cikin sanyi suka tsara wannan ba su taɓa zama da kawuna ba.

Ranar kasuwar Agiye muka hau amalanke, sannan kabu-kabu, muka iske siber ɗin garin, shagon intanet, babu wuta. Muka jira har la'asar. Da wuta ta dawo na zauna, kawu ya tsaya bisa kaina. Na buga lambobin, ya ce in karanta mashi. Na karanta. Ya tambaya ina sallama. Na ce tana ƙasa, cikin saƙon, har da gaisuwar iyali na sa. Ya ce sam, abin da ido ya fara gani shi ne bakin ƙofa, kuma ba a faɗa wa manya gida da lamba kamar jandarma. Na yi bayani na sake yi. Mai siber ya goyi bayana, kawu ya ce da shi ya ji da injinsa.

"Ɗiyata," ya ce, "roƙo muka zo. Mai roƙo ba ya tsallake gaisuwa."

Mutane sun cika ɗakin suna kallonmu. Ta yaya zan musa wa wan uwata a gaban jama'a? Na sa assalamu alaikum gaban lambobin, na aika, raina na tafasa. Wuta ta sake ɗaukewa, muka kama hanya, shi yana ta murna wai mun fita kunya.

Sai wata kasuwar na samu dawowa. Amsa na nan, ta iso tun a daƙiƙar da muka aika: tsarin kan saƙo bai dace ba, a gyara a sake turowa. An riga an rufe. Na sake aikawa duk da haka, na nemi lambar buro na kira, wata mata ta ce ai ba su ga buƙatarmu ba, kasonmu ya tafi garin Gazawa. Na zagi doka, na zagi wuta, na fito waje na yi kuka don haushi.

Na iske kawu a gona yana gyaran kunya, ruwan shuka ya sauka. Na faɗa mashi komai ban rage ba, da niyyar ya ji zafin da nake ji. Bai yi musu ba. Ya dogara da hauya, ya dube ni ya ce:

"To shi wanda ya maido mana, ya amsa sallamar?"

Na ce ba mutum ba ne, Kawu, inji ne, babu wanda ya karanta.

Wannan daminar hatsi kaɗai muka shuka, tsakanin kunyoyi babu wake. Kawu ya sauka daga shugabanci kafin girbi, ya ce a ba wanda ya iya magana da abin da ba ya amsa gaisuwa.