Pyo Mansik, Mai Sanar da Mutuwa a Ajinmu

Pyo Mansik bai taɓa neman zama sakataren ajinmu ba. Ɗora masa muka yi, shekara goma sha tara da suka wuce, a wani gidan abinci a Cheonan, lokacin da ya zagaya bayi. Ya dawo ya tarar ana tafa masa. Bai yi gardama ba. Shi dama tun muna firamare a ƙauyenmu na Goesan haka yake, in malam ya ce wa zai share aji, kafin a waiwaya Mansik ya ɗauki tsintsiya. Makarantar ma an rufe ta tuntuni don babu yara. Mu ne dai muka rage, tsofaffi talatin da takwas, warwatse a garuruwa, kowa na fama da gwiwarsa.

Sana'arsa yankan makulli da sassaƙa hatimi, a wani ɗan tsukin shago a bakin kasuwa. Tun da mutane suka koma ƙofar da ake buɗewa da danna lambobi ciniki ya mutu murus, amma kullum sai ya buɗe ya zauna. Aikin sakatare kuwa, in ka cire taron shekara, abu ɗaya ne, mutuwa. In uwar wani ta rasu, ko mijin wata, ko ɗaya daga cikinmu, Mansik ne zai sanar, ya ɗauko tutar ta'aziyya ta ajinmu daga bayan shago, ya riga kowa isa gidan makoki ya kafa ta a bakin ƙofa. Abin da yake tinƙaho da shi kenan a duniya, kuma ba ya ɓoyewa: tun da ya karɓi aikin ba a taɓa barin ɗan ajinmu ya yi zaman makoki a ɗaki fayau ba.

"Ko ba kwa ga-maciji da mutum," in ji shi, "ku zo ku cika masa wuri, ku sha miya, ku kama gabanku."

Da can waya yake bugawa, ɗaya bayan ɗaya, har muryarsa ta dishe. Sai 'yarsa ta tausaya masa ta buɗe mana ɗakin hira a Kakao, manhajar saƙo ta waya, ta zuba mu duka ciki. Da farko abin ya yi daɗi. Hoton jikoki, hoton fure da gaisuwar safe, wa aka yi wa aikin ido, wane likita ne ya iya baya. A gefen kowane saƙo akwai wata 'yar lamba rawaya mai nuna mutum nawa ne ba su gani ba tukuna, tana raguwa har ta ɓace. Mansik ya ɗauki son duniya ya ɗora wa lambar nan. In ta ɓace, shi a wajensa an gama, kowa ya ji.

Sai Seok Dalho ya ajiye tuƙin tasi a Cheongju ya zauna a gida, ya gano bidiyon siyasa. Daga nan muka shiga uku. Mutumin da a aji ko sunansa ba ya iya rubutawa a miƙe, yanzu kafin in gama yanka kabeji da safe ya turo guda goma.

"Ku kalla kafin su goge," haka yake rubutawa. "Talabijin ba za ta taɓa nuna muku wannan ba."

Da Dalho kaɗai ne da da sauƙi. Amma akwai Bong Gilnam, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, shi kuma ɗan ɗaya ɓangaren ne, kuma gani yake duk ajin shi kaɗai ya iya karatu.

"Kai Dalho," zai amsa, "mai bidiyon nan fa a cikin motarsa yake zaune yana ihu. Shi ne majiyarka?"

"Gara shi da jaridarka da aka saye da araha."

"Kai da ka maimaita aji uku, yau kai ne masanin tsarin mulki."

"Na maimaita ɗin. Amma ban taɓa jiƙa wando ranar tsere a gaban iyaye ba."

Kowannensu ya samu mabiya uku ko huɗu, 'yan jam'iyya mai ja da 'yan mai shuɗi, aka yi ta yi ba dare ba rana. Ni Yeo Chunja, kimchi nake sayarwa, wato tsimammen kabeji mai yaji, da sauran kayan cin shinkafa a kasuwar Daejeon, a tsaye nake wuni, hannuna dumu-dumu da barkono, waya na ta ɓari a aljihun gaba kamar an saka kifi mai rai. Na gaji. Na kashe wa ɗakin ƙara. Sai dai jan tambarin nan na saƙon da ba a buɗe ba da ke taruwa a fuskar waya yana ci mini rai, don haka in na samu sarari sai in buɗe ɗakin in rufe nan take, tambarin ya goge, ban karanta ko harafi ba. Na ɗauka ni kaɗai ce mai wannan wayo. Ashe kusan duk ajin abin da ake yi kenan, kuma duk wanda ya leƙa haka, lambar Mansik sai ta ragu da ɗaya.

Mansik ya yi iya yinsa. Ya rubuta, "'Yan uwa, don girman furfurarmu a bar siyasa a nan." Dalho ya ce an saye shi. Gilnam ya ce shiru a irin wannan lokaci ma goyon baya ne. Wata rana na biya ta shagonsa na same shi ya dafe kai, gilashi a goshi, yana bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, don shi gani yake sakatare dole ya buɗe komai.

"Chunja," ya ce, "wai ke yanzu wa kike yarda da shi? Wannan ya ce talabijin ƙarya, wancan ya ce waya ƙarya. Ni har hasashen ruwan sama na fara shakka."

"Sikelina," na ce. "Shi ma sai na buga masa hannu."

Ya yi dariya kaɗan, amma duk ya faɗa, idanunsa sun yi ja.

A shekarar kuma 'yan damfara suka fito da sanarwar mutuwa ta ƙarya. Saƙo zai zo wai mahaifin wane ya rasu, danna nan ka ga wurin makoki, kana dannawa sun shiga wayarka. Gargaɗin ya zagaya ko'ina. Dalho da kansa ya turo mana shi sau huɗu, da manyan baƙaƙe: kar wanda ya kuskura ya danna sanarwar mutuwa.

Saura mako guda zaɓe matar Dalho ta rasu, ranar Talata da rana. Ashe ta fi shekara tana jinya. A cikin dubban saƙonnin da ya turo mana, ko sau ɗaya bai ambata ba. Ɗansa ya haɗa sanarwa irin ta waya, shi kuma Dalho ya turo ta ɗakinmu yadda ya saba turo komai, ko kalma bai ƙara ba. Na gan ta, ba zan yi ƙarya ba. Na ga sunan Dalho, na ga abin dannawa, na ga baƙin zare da farin fure, alamar makoki, na ce a raina ko wani bidiyon ne ko kuma an shiga wayarsa. Na rufe na ci gaba da awo.

Mansik ne kaɗai ya danna. Ya kira ɗan ya tabbatar, ya rubuta a ƙasa har sau biyu cewa gaskiya ne, ga wuri ga lokaci. A yammacin ne 'yan takara suka yi muhawara a talabijin, saƙo sama da ɗari uku ya danne nasa. Har mabiyan Dalho ba su lura ubangidansu ya yi shiru ba, ashe su ma turawa kawai suke yi, ba mai karanta na wani. Mansik kuwa ya zuba wa lambarsa ido har ta ɓace, ya ɗauki tuta ya hau mota zuwa Cheongju. Ya ce wa ɗan Dalho ya sa a tanadi abincin mutum talatin daga ajinmu.

Rana ta biyu ita ce ta karɓar gaisuwa, ta uku da sassafe ake fita da gawa. Mansik ya wuni a bakin ƙofa wajen ajiye takalma, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai. Sai wajen ƙarfe biyar na yamma jikinsa ya ba shi, ya fara buga waya. Wasu ba su ɗauka ba, wasu suna Busan, wasu suna riƙon jikoki. Ni ce mafi kusa. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, na saka baƙaƙen kaya na hau bas, kunya kamar ta kashe ni.

Ban taɓa ganin ɗakin makoki irin wannan ba. Tebura a jere an shimfiɗa musu farar leda, cokula a ajiye, tukunyar miyar nama na ta tururi ba mai sha. Abokan aikin ɗan sun zo da rana sun tafi. Daga ajinmu mu uku ne, ni da Mansik da wata da ta iso bayana. Na ajiye fure a gaban hoton marigayiya, na durƙusa na yi gaisuwa. Da na juyo wajen Dalho sai na ga waya a hannunsa. Kwat ɗin ta yi masa yawa.

"Chunja," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "lambar ta ɓace tun jiya. Duk sun gani."

Ya juyo mini da fuskar wayar, ya ci gaba.

"Ashe haka kuka tsane ni. To ni na ji, bakina ne ya ja mini. Ita fa? Ita da ta dafa muku kaji goma sha biyu a taron bakin rafi, me ta yi muku?"

Gaskiyar tana bakina: ba wanda ya ƙi zuwa, kawai dai an shekara biyu ba mai buɗe abin da ka turo. Ban san wanne ya fi ciwo ba, wannan ko abin da yake zato. Ina cikin jujjuya ta sai Mansik ya matso ya sunkuyar da kai har ƙasa.

"Dalho, laifina ne," ya ce. "Sun yi ta kirana tun jiya. Ni ne ban fahimci yaronka ba, na ɗauka cewa ya yi makokin na iyali ne kawai, ba a son taro. Ni na ce musu kar su zo."

Ɗan Dalho ya buɗe baki, don shi ya san wa ya ce masa a dafa na mutum talatin. Mansik ya dube shi, yaron ya haɗiye maganarsa. Dalho ya daɗe yana kallon Mansik.

"Shekara goma sha tara," ya ce, "sai a kan matata za ka yi kuskure. Ɗauki tutarka ka fita."

Tare muka taka zuwa tashar bas, tuta a kafaɗarsa cikin jakarta. Raina a ɓace yake, da shi, da Dalho, da kaina.

"Kai wane irin mutum ne? Wa ya aike ka?"

"Matarsa ta tafi, Chunja. In ya san ba mai karanta shi, da wa kuma zai yi magana a gidan nan?"

"To kai fa?"

Ya gyara jakar a kafaɗarsa ya ci gaba da tafiya.

Bayan kwana huɗu Dalho ya rubuta dogon saƙo a ɗakin, da hannunsa wannan karon, ya zayyana abin da Mansik ya yi masa. Wannan kam kowa ya karanta. Gilnam ne ya fara amsawa, ya ce lallai haka sakatare ya gaya masa, shi har ya goge takalmi. Gilnam ɗin da ko wayar Mansik bai ɗauka ba a ranar. Daga nan sai aka ɓalle. Wannan ta ce ita ma haka aka ce mata, wancan ya ce dama ya yi mamaki. Na zauna na ƙirga, mutum ashirin da shida suka tuna da kiran da ba a taɓa yi ba. 'Yan ja da 'yan shuɗi, rabon da bakinsu ya zo ɗaya tun ranar da aka buɗe ɗakin. Aka yi wa Dalho ta'aziyya da hoton fure, aka ce tsufa ya kama Mansik, ya kamata ya huta. Ya ba da haƙuri cikin layi biyu, ya aika wa sabon sakatare tuta ta gidan waya.

Ni kuwa na rubuta gaskiya tsaf, na karanta, na goge. Na ce don Dalho na goge. Wataƙila haka ne. Amma na san sunana ma yana cikin waɗanda suka ga farin furen suka wuce, kuma abin yana damuna har yau.

Taron bana bai je ba, ba kuma wanda ya tambaya. Watan jiya na kai masa kimchin kabeji a shago. Yana zaune yana goge wasu makullai da ba mai zuwa karɓa. Ya tambaye ni ko Dalho ya dawo da turo bidiyonsa, na ce ya dawo, har ya fi da. Ya ce madalla.  Da na tashi tafiya ya rako ni bakin ƙofa, yana ta murza gilashinsa da gefen riga.

"In tawa ta zo," ya ce, "ke dai za ki je, ko?"

Na ce masa ya daina zancen banza, zan je mana.

"To," ya ce. "Mutum ɗaya kenan. Sai in ce wa 'yata kar ta dafa da yawa."