Da Igiya Muka Je Sayen Mota

Mun tashi da asuba, lungunmu na ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Yayyafin bai kai ya kawo kwata ba, ya dai jiƙa katangu, ya tayar da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya kai baki. Baba ya dawo daga masallaci yana zaune a kan dakalinsa na ƙofar gida. Na durƙusa na yi masa sallama. Sai da ya kai ƙarshen carbinsa, sannan ya zaro wata igiyar rama daga aljihu ya miƙo mini.

"Wannan faɗin lungun nan ne, daga dakalin nan zuwa katangar masallaci. Motar da ta fi ta faɗi, ki bar musu abarsu."

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, ina koyarwa ne a wata makarantar 'yan mata da ke gaba da Wudil, kuma kullum daga Koki nake zuwa in dawo. Hawa uku ne a tafiya, uku a dawowa: acaɓa zuwa tasha, bas da ba ta tashi sai ta cika, sai a-kori-kura daga bakin titi zuwa makaranta. Shugabarmu ta gaji da ganina ina shigowa ana tsakiyar darasi na biyu. Baba kuma ya gaji da ganin magariba tana riga ni zuwa gida. Sai ya yanke hukunci: in zangon nan ya ƙare ban sami wata hanya ba, in ajiye aikin. In kuwa mota zan saya, ba za ta kwana a bakin titi a kwance mata fitila da batir ba, sai dai ta shigo ɗan filin da ke gefen gidanmu, inda muke ɗaure ragon layya. Kafin a kai filin nan kuwa sai an wuce ta gaban dakali. Na dubi gajeriyar igiyar nan, na ji a raina cewa Baba ya ce a'a ne cikin ladabi.

Kuɗina ba su da yawa. Ƙarin albashin da aka yi mana bayan dawowar farar hula ne, da adashin shekara biyu. Dillalan Kano sun yi mini dariya, shi ya sa kawuna ya ce mu nufi Maraɗi, inda motocin Kwatano ke yada zango. Mu uku ne a tsohuwar motarsa: ni, da shi, da wani bakanike Bafulatani da suka daɗe tare. Mu kuwa asalinmu Barebari ne, don haka tun ba mu fita ganuwa ba aka soma wasan Barebari da Fulani.

"Fulani da sifana," in ji Kawu. "Shanun ne suka ƙare?"

"Barebari na samu, sun fi shanu sauƙin kiwo," in ji bakanike.

Hanyar Katsina ta yi kyau a safiyar nan. Daga Bici har Tsanyawa mutane sun fito shuka. Namiji na gaba da sungumi yana sara, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, taku ɗaya kamar masu rawa. Hotunan 'yan takara na nan manne a jikin itatuwa, rana ta cinye fuskokin, sai huluna suka rage. Shingayen sojoji sun ragu ƙwarai, amma layin mai bai tafi ko'ina ba. Kowane gidan mai da muka wuce, ko dai a rufe, ko motoci sun yi jerin gwano, 'yan bumburutu kuma na gefe da galan-galan. Duk layin da na gani sai in ƙara riƙe abin da ya fito da ni: ba kyau na zo nema ba, mai ƙaramin ciki nake so.

A Kankiya muka karya da waina da miyar taushe wajen wata dattijuwa. Ta naira hamsin ta ishe mu mu uku, har ta ƙara mini biyu wai na yi kama da jikarta. Muka ratsa Katsina ba mu tsaya ba. A Jibiya muka canza naira zuwa sefa a gindin wata bishiya, kuɗina suka koma takardu masu sifili da yawa, na zama attajira ta minti goma. Da muka tsallaka, ƙasar ba ta sake ba, geron ma irin namu ne ake shukawa. Allunan hanya ne suka koma Faransanci, burodi ya yi tsawo kamar sanda, Hausar kuma ta ƙara zaƙi a kunnena.

Filin motocin Maraɗi faɗi gare shi. Motoci jere a rana, kowace da ƙurar doguwar hanya a jikinta. A bayan kujerar wata na tsinci safar jariri ƙwaya ɗaya, na tsaya ina tunanin uwar da ke can wata ƙasa mai sanyi tana neman ta, har sai da Kawu ya ce ba waƙa muka zo rubutawa ba. Ina juyowa na gan ta: wata doguwa 'yar Jamus, shuɗiya, launin zanen da aka tsoma a karofi sau ɗaya aka ɗaga. Zuciyata ta tafi. Na zaro igiya na nufe ta.

Dillalin ya riƙe baki. "Malama, mi za ki yi da igiya? Akuya kika zo saye?"

Na yi masa bayani, ya kira maƙwabtansa su zo su ga Kanawa. Nan da nan muka tara jama'a. Shuɗiyar ta fi igiya da kusan taƙi guda. Ban haƙura ba, na ce a gwada ta ko don in ji muryarta.

Bakaniken namu ba ya duba mita. Ya ce mita ana mayar da ita baya, fenti ana sake shi, amma kwalba ba ta karɓar cin hanci. Robar da ake takawa a ƙafa yake dubawa ya ga yadda ta cinye, ya sansana baƙin mai, ya kara farin hankici a bakin salansa. Sannan ya cire tiyon mai ya tsoma a kwalbar lita ɗaya, ya ɗaure ta, ya ja mota daga bakin fili zuwa wani gawo da ke can nesa, ya dawo, ya koma, har sai man ya ƙare ta mutu don kanta. Mu kuma muna inuwa muna ƙirga zuwa da dawowa da tsakuwa.

Shuɗiyar ta yi biyar ta tsaya. Ya fito yana kaɗa kai. "Wannan sai dai ki riƙa koyarwa don ki ciyar da ita."

Mota ɗaya ce tak a filin nan ta shiga cikin igiya, wata 'yar mitsitsiya ja. Da aka tayar da ita sai ta kama tari, hankicin ya koma kamar an goge gindin tukunya. Muka bar ta. Can ƙarshen layi akwai wata ƙaramar 'yar Japan, ruwan toka, mai giyar hannu, ba na'urar sanyi, ƙofar baya ɗaya sai daga ciki take buɗewa. Ba wanda zai waiwaye ta a hanya. Aka ɗaura mata kwalba. Muka ajiye tsakuwa biyar, muka ajiye takwas. Dillalin da ke mana dariya ya dawo yana taya mu ƙirga. Sai a ta goma sha ɗaya ta tsaya, ita ma a dawowa, dab da inuwarmu. Kuɗinta kuma bai wuce abin da ke jakata ba, har da na takardu.

Na miƙa igiya a gabanta. Kawu ya naɗe madubai, muka ja igiyar har tana ƙara. Motar ta fi ta da yatsu huɗu.

"Ɗauki abarki," in ji Kawu. "Igiya ce fa, ba aya ba. Ta sha ruwan jiya ta tsuke."

"Kawu, Baba ne ya auna."

Ya san abin da nake nufi. Baba marubucin Alƙur'ani ne, da ka yake rubutawa, ɗigo ba ya ɓace masa. Irinsa ba ya kuskuren yatsu huɗu. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi tunani. In na bar ta, aiki ya tafi tun yau. In na ɗauka, wataƙila ya tafi gobe, in zauna da mota a hannu ina neman mai saye. Na tuna 'yan ajina da suka ce in na zo da mota su ne za su wanke. Na ce bismillah, a yi ciniki.

Takardun kwastan suka ci mana sauran yinin da safiyar kashegari, don haka muka kwana a Katsina gidan wata gwaggona. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ta zagaya motar sau biyu, ta ce ai ta fi jaki. A hanyar dawowa bakanike ne ke tuƙi, ni ina gefensa idona a kan allurar mai, Kawu na biye a tasa. Har muka wuce Kankiya da ƙyar ta motsa. Da a ce yatsu huɗun nan ba sa zaune a ƙirjina, da na yi waƙa.

A Bici suka ba ni sitiyari. Na iya tuƙi, Kawu ya koya mini a filin idi, amma ban taɓa shiga cikin gari da la'asar ba. Muka shigo ta Ƙofar Mazugal, acaɓa na ratsa ni hagu da dama kamar ƙudan zuma. Da muka kai bakin lungunmu na taka birki. Mata sun leƙo ta zaure. Baba ba ya kan dakali, yana ƙofar masallaci a kan buzu. An yi wa dakalin sabon yaɓe, an jera ƙaya a kai don awaki, kamar yadda kowa ke gyara gininsa in damina ta kawo kai.

Kawu ya naɗe madubai ya shiga gabana yana tafiya da baya, yana kirana da hannu. Na saki kuloci a hankali. Katangar masallaci ta zo dab da kunnena. Ina jiran ƙarar ƙarfe a jikin ƙasa, ina jira, ina jira, sai kawai na ga fili a gabana. Ko gogar kirki ba ta yi ba. Na kashe mota na kifa kai a sitiyari, ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishiri.

"Ban gaya miki ba?" in ji Kawu. "Igiyar Barebari ce, rowa gare ta," in ji bakanike.

Na je na durƙusa gaban Baba.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Baba."

"To, Allah ya tsare. Magariba dai."

Wata biyar ke nan yanzu. Ina isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, ina sallar magariba a ɗakina. Tafiyar ta koya mini cewa abin da zai kai ka ya dawo da kai ba lallai ne ya yi kyau a ido ba, kuma mai sayen tsohuwar mota ya tafi da kwalba da farin hankici, ya bar zuciyarsa a gida. Har yanzu nakan tuna shuɗiyar nan, amma ba a gidan mai ba.

Na daɗe ina gaya wa mutane igiya ce ta tsuke. Sai makon jiya, da magini ya zo gyara mana indararo, ya tambaye ni ko dakalin bai yi wa Malam kaɗan ba. Na ce wane dakali? Ya ce ai ranar da muka tafi, ko hantsi bai yi ba Baba ya aika aka kira shi, ya sa ya sare taƙi guda daga gaban dakalin, tun daga wannan kai har wancan, ya yaɓe wurin. Kakanmu ne ya gina dakalin nan shekarar da ya zo daga Barno. Tun dawowarmu nake ganin Baba yana zama a kai ƙafafunsa a ƙasa, ya daina harɗe su kamar da. Na ɗauka ciwon gwiwa ne, har man zafi na sayo masa.