Baƙin Malam Gwadabe Majemi

Malam Gwadabe majemi ne a ƙauyenmu, bayan kamfanonin Challawa. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani kamfanin fata, da aka rufe shi sai ya dawo jimar gida da ya gada wurin mahaifinsa. A bayan gidansa akwai fili mai bishiyoyin bagaruwa shida, da manyan kwatarni da yake jiƙa fata a ciki. Idan na taso daga aiki a Sharada nakan zauna wurinsa, yana kankare gashi yana ba ni labari.

Filin nan na gado ne, shi da ƙanensa Isyaku, mai tuƙa adaidaita sahu. Isyaku ya matsa a sayar wa wani mai son gina sito. Ya ce wari kawai filin yake haifarwa. Masu sayen fatar Malam kuwa ba su fi uku ba.

Ana cikin haka Badi'a ta zo. 'Yar unguwarmu ce, tana aiki da wata ƙungiya mai kai baƙi su ga sana'o'in gargajiya. Ba su kawo mutane da yawa, kuma abin da baƙin suka biya a hannun masu sana'ar yake tsayawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ranar Asabar zan kawo muku mutum takwas."

"Me na yi musu?"

"Ba ku yi komai ba. Gani za su yi."

"Su ga me?"

"Ku da aikinku."

Malam ya ce to. Bayan ta tafi ya tambaye ni ko 'yan duba-gari ne. Na ce ba na jin haka. Ya ce to baƙi ne ke nan, kuma ya san yadda ake karɓar baƙo.

Kwana uku yana shiri. Ya zubar da ruwan jima, ya kife kwatarnin, ya kewaye filin da zana. Fatun da ke shanya ya kai su ɗakin hatsi ya kulle. Matarsa Sauda ta turara gidan da turaren wuta, ta sa aka yanka zakara biyu.

Ranar Asabar Isyaku da wani abokinsa suka ɗauko baƙin daga bakin titi, saboda motarsu ba ta iya shiga lungunmu. Malam ya tare su cikin babbar riga, ya zaunar da su a zaure. Suka ci, suka sha fura. Sai wata mai ɗinkin takalma da ta zo daga Legas ta yi magana, Badi'a ta fassara: "Tana tambaya ina wurin aikin."

Malam ya kalli Badi'a. "Wane aiki? Yau ai ranar baƙi ce."

"Baba, jimar suka zo gani."

"Haba 'yar nan. Mutum ya taso tun daga Legas, in kai shi gindin kwatarniya ya shaƙi wari? Me zai je ya faɗa a kaina?"

Isyaku yana bakin ƙofa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, na gaya muku. Ko ku da kanku kunyar filin kuke ji."

Maganar ta taɓa Malam. Ya tashi, ya janye zanar, ya ce su shigo. Babu komai sai kifaffun kwatarni da ƙasa shararriya. Baƙin suka tsaya suna kallon juna, shi ma yana kallonsu. Matar ta tsinci 'ya'yan bagaruwa a ƙasa, ta tambaya ko mene ne.

Malam ya karɓa ya murtsuke a tafin hannu. Ya ce da shi ake jima, ba a sa maganin kamfani. Ta ce ruwan fa, ina yake zuwa? Ya nuna mata gindin bishiyoyin. Ya cire babbar rigar ya rataye a reshe, ya buɗe ɗakin hatsi ya fito da fatar akuya, ya ɗauko turmi ya fara daka bagaruwar. Kafin la'asar matar ta naɗe hannun riga tana dama ruwan da kanta, ta kuma zaɓi fatun da za ta tafi da su.

Yanzu wata bakwai ke nan. Sau biyu a wata Badi'a take kawo mutane. Sauda tana sayar musu da fura, dukawan unguwa suna baza jakunkuna a inuwa, Isyaku ne mai ɗauko su daga titi. Da mai son gina siton ya turo dillalinsa, Isyaku ya ce masa sai ya yi shawara da yayansa, kuma har yau bai yi shawarar ba.

Jiya na tarar da Malam yana hura garwashi a kasko kusa da kwatarnin, zai sa turare. Na ce, "Baba, ai Badi'a ta ce a bar wurin yadda yake."

Ya ce, "Na ji ta. Ni dai har yau ban gane ba, mutum ya biya kuɗin mota ya zo shaƙar abin da maƙwabta suke toshe wa hanci. Amma baƙo baƙo ne. Miƙo min turaren."