Ranar da Inna ta kira sunana

Shekarun baya can, Turawa na mulki, ina amarya a Bodinga, aka aiko daga Shagari wai hannun mahaifiyata ya karye. Na tambaya ko faɗuwa ta yi, aka ce a'a, tulu kawai ta ɗaga. Na san ba lafiya ba, don matar da ke fama da turmi tun asuba ba tulu ne zai karya ta ba.

Ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Tun tasowata "ke wagga" nake a bakinta. Nakan nuna ko a jikina, alhali abin na ci mini rai.

Na iske maɗori ya ɗaure hannun da karare. Aka yi ta jira, ƙashi ya ƙi kamawa. Sai ciwo ya kama baya, sai ƙugu, har juyawa a kan tabarma ta gagare ta. Abin da ya fi tsorata ni, ko wanka ba ta yarda in taimaka mata, kullum zane ɗaure tamau a ƙirji. Na san tana ɓoye wani abu, amma da wane baki 'yar fari za ta ce wa uwa ta kwance zane?

Na roƙi ƙanwarta ta duba ta. Ta shiga, ta fito tana salati.

"Ɗiyata, nonon hagu na. Ƙullutu kamar dutsi, har ya hwashe. Ta ce ya daɗe."

"Mi ya hana ta hwaɗi?"

"Wa za ta hwaɗa ma? Ƙannenki duk maza na, ke ko ɗiyar hwari ta."



Muka sa ta a motar 'yan albasa zuwa asibitin Sakkwato, duk ramin da aka faɗa sai ta cije baki. Likita Bature ya duba, malamin asibiti ya fassara. Ya ce ciwon daji ne. A nono ya fara, irinsa ya bi jini ya sauka a ƙashi, yana cin sa ta ciki kamar gara a azara, shi ya sa ya karye ba faɗuwa. Na ce a yanke nonon mana. Ya ce da tun farko ne da an yanke, amma yanzu wuƙa ba za ta cim masa ba, sai dai maganin rage zafi.

Muka dawo gida. Ta daina ɓoyewa, ni ke wanke ciwon, ita tana kallon bango. Wata rana da la'asar ina tace koko a tsakar gida, na ji an kira sunana daga ɗaki. Na waiga ina neman baƙuwa. Aka sake kira, sai na gane muryar.

"Zo zamna kusa da ni," in ji ta.

Na ɗauka ranar da na ji haka zan yi murna. Tsoro ne ya kama ni, don na san Inna ba za ta ajiye kunya ba sai in ta ga ajali ya matso. Ba ta ga girbi ba.

Yau na tsufa, kuma ba na zagin kunya, ado ce. Amma tawa 'yar farin da sunanta nake kiran ta, ƙawayena na mini tsiya wai na zubar da al'ada. Ranar da na ji wani ƙullutu a ƙirjina, ita na fara kwance wa zane.